Ranar da Ruwan Alwala Ya Ƙona Malam

Da sunan Allah nake farawa. Ina gaishe da duk wadda ta hawo benenmu na Tremont a nan Bronx ta duba mu, da wadda ta bugo waya, har da wadda ta yi niyya sanyi ya hana ta fitowa. Malam ya samu sauƙi, mun gode Allah. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, na ji wasu dattawan masallacinmu suna shirin tafiya wa'azi tsibiran Karibiyan, matansu kuma ƙawayena ne. Abin da ya same ni ba na so ya sami wata.

Malam shi ne maigidana. Ya tuƙa tasi a garin nan har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Da ya ajiye mota sai zaman gida ya ishe shi, ni ma gaskiya ya ishe ni, don har gishirin miya ya fara sa wa ido. Sai labari ya zo masallaci cewa akwai wani ɗan tsibiri, musulminsa ba su cika sahu biyu ba, yawanci sababbin shiga, suna neman dattijon da zai zauna da su ya koya musu alwala da Fatiha. Malam ya ce zai je. Suka tafi da amininsa Alhaji Hamidu, mutumin Tawa ta Nijar, mai sayar da turare da huluna a titin 125 na unguwar Harlem, nan kusa da mu. Aka ce in bi su, na ce a gaishe min da su. Ni da ko Harlem sai da dalili nake zuwa.

Amma kusan kullum sai ya kira ni ta bidiyo, har na san garin kamar na je. Masallacin a saman shagon wani tela yake. Ruwan sama suke tarawa a tanki su sha. In ka shiga bas ba ka gaishe da kowa da kowa ba, sai a bi ka da kallon marar tarbiyya. Malam ya ce, “Talatu, mutanen nan Hausawa ne aka manta da su a tsakiyar ruwa.” Ranar Lahadi garin tsit yake, sai ƙararrawar coci da tsofaffin mata cikin manyan huluna. Maƙwabciyarsu Kirista ce, amma takan aiko musu da mangwaro da wani ɗan itace da ake gasawa a ci kamar doya. In masunta suka dawo daga ruwa sai su busa wani ƙaton ƙoƙon dodon-koɗi, mata su fito da kwanuka. Babban ɗalibin Malam ma masunci ne, suna ce masa Brada Yusufu. Na sha ganinsa a bayan Malam yana ɗaga min hannu, baƙi dogo, ga giɓi.

Suka yi watanninsu suka dawo ana tsakiyar sanyi. 'Yarmu Zainab ce ta ɗauko su daga filin jirgi. Da ya shigo na ga fuskarsa ta faɗa, leɓensa ya bushe. Ya ce gudawa ce da amai suka ɗan taɓa shi a hanya, abincin jirgi ne. Na yarda. Wa bai san abincin jirgi ba?

Washegari da azahar ya shiga banɗaki zai yi alwala. Ina kicin na ji ya ƙwalla ƙara, irin wadda tunda aka kawo ni gidansa ban taɓa jin ya yi ba.

“Talatu! Wa ya bar famfon nan a kan na zafi?”

Na zo da gudu na tarar yana yarfe hannu. Na tara nawa hannun. Ruwan nan sanyi ƙalau, kamar daga firij.

Na ce, “Malam, ai na sanyi ne.”

Ya ce, “Ni za ki gaya wa? Ga hannuna yana ci da wuta!”

Na duba hannun, babu ja, babu kumburi. Na kawo masa shayi yana tururi, ya kurɓa ya ce me ya sa na ba shi shayin jiya. A nan ne na gane abin ya juye masa. Mai sanyi ya zama wuta, mai zafi ya zama sanyi. Marfin ƙofa in ya yi sanyi ba ya iya kamawa. Tayil ɗin banɗaki ya ce kamar garwashi yake takawa. Sallar ranar da taimama ya yi ta a jikin bango, ga ruwa yana zuba a famfo. Ina kallonsa ya juya min baya don kada in ga idonsa.

Kafin la'asar ya miƙe zai tafi ɗaki, sai kawai ya sulale a bakin kujera. Zainab ta kira motar asibiti.

Wadda ta taɓa zaman imajansi, wato sashen gaggawa na asibiti, a garin nan ta san abin da nake nufi. Suka ajiye shi a kan gado a lungu, babu ɗaki, mutane suna wucewa ta kansa. Wani yana ihu da Sifaniyanci, wani ɗan sanda yana tsaye kan wani. Ni kuma da hijabina a tsaye, jakar magungunansa a hannu, babu ko kujera. Amma in faɗi gaskiya, da nas ta auna shi ta ga yadda zuciyarsa take bugawa a hankali, ba su ƙara wasa ba. Nan da nan suka liƙa masa wayoyi a ƙirji, suka ɗaura ruwa.

Likitar wata yarinya ce da ba ta wuce sa'ar Zainab ba. Ta tambayi inda ya je, ko sauro ya cije shi, ko ya yi wanka a kududdufi. Sannan ta ce, ya ci wani abu da bai saba ci ba? Ina jin Turanci ko da ba na iya mayarwa, na kuma ji amsar Malam sarai. Ya ce, “Halal kawai na ci.” Ta yi murmushi ta rubuta, ta wuce.

Suka ɗebi jini har na fara tausayin hannun. Babu maleriya, babu ciwon zuciya, hoton kai lafiya lau. Suka ce wataƙila maganinsa na hawan jini ne ya yi masa yawa ga kuma ruwan jikinsa ya ƙare, suka cire masa guda. Bayan kwana biyu suka sallame mu da takardar ganin likitan jijiya, wanda layinsa sai an yi wata da watanni. Maganar ruwan da yake ƙona shi kuwa, kowa ya ji sai ya ɗaga gira ya rubuta.

Sati na biyu ya fara da ɗan dama. Ya ci tuwo kaɗan, ya zauna a falo. Sai 'yan dubiya suka fara zuwa, Allah ya saka musu da alheri, ba wanda ya zo hannu sake. Maƙwabciyata Hajiya Memuna, 'yar zangon Kumasi, mai aikin kula da tsofaffi, ta shigo da ƙatuwar kula, tana yi masa sannu irin ta mutanen zango.

“Ei, Malam, kafra! Kafra ƙwarai! Ga farfesun kifi na yi maka, da yaji da citta. Ka sha ka yi zufa, ciwon zai gudu.”

Matar limami ta aiko da kunun gyaɗa. Dattawan masallaci kowa da goronsa, sun san Malam da goro. Ni kuma da na ga ya shanye farfesun nan har da suɗe cokali, sai na aiki Zainab kasuwar 'yan Afirka ta sayo kifi, na riƙa yi masa. Kunun gyaɗa da safe, farfesun kifi da rana, goro a tsakani. Wace mace ce a cikinmu ba haka za ta yi jinyar mijinta ba?

Ciwo ya dawo sabo, har ya fi na farko. Ƙaiƙayi ya sauko masa, tafin hannu da tafin ƙafa, yana susa har yana fitar da jini. Ya ce haƙoransa duk girgiɗi suke za su zube. Na sa yatsa na taɓa su ɗaya bayan ɗaya, suna nan daram. Ƙafafunsa suka yi nauyi, daga gado zuwa banɗaki sai na riƙe shi. Muka koma imajansi, muka yini, suka ce duk gwajin lafiya. Wani likita ya ja Zainab gefe yana tambaya ko babanta yana cikin damuwa, ko ya fara mantuwa. A mota ta yi ta kuka. Takardar kuɗin motar asibiti ta riga mu isa gida, inshora ta ɗauki wani ta bar mana wani. Zainab kuma duk ranar da ta raka mu, ranar ba ta da albashi.

Akwai abu guda da na lura da shi a kwanakin nan. Wayarsa takan yi ta ƙara da wata doguwar lamba, ya duba, ya kife ta. Na ce, “Malam, ba mutanen tsibiri ba ne? Ka ɗauka mana su yi maka addu'a.” Ya ce ba ya son su ji muryarsa haka. Na bar shi.

A sati na uku ne Yaya Alhaji ya shigo maganar. Shi ne wan Malam, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya kawo shi ƙasar nan, shi ya biya sadakina. A danginsu in ya yi magana an gama. Ya zo ya zauna ya kalli ƙaninsa yana susa, ya sa aka kawo ruwan sanyi a kofi ya ɗiga masa a hannu. Malam ya zabura. Yaya Alhaji ya girgiza kai.

“Wannan ba ciwon asibiti ba ne. Mutum ya je ya shiga tsakanin mutane da abin da suke bauta wa, ya dawo ruwan alwala yana ƙona shi, sannan a ce min hawan jini? Ruwan alwala fa, ba na wanka ba. Jifa ne. An jefe shi.”

Na ce a hankali, “Yaya, har marfin ƙofa ma yana ƙona shi.”

Ko kallona bai yi ba. Ya ce akwai wani malami a ƙauyensu, can bayan Gusau, wanda irin wannan aikinsa ne. Zai sayi tikiti, shi da kansa zai kai shi.

Ba na musun jifa, ina kuma sha da wanka da rubutu kamar kowa. Amma ni nake ɗaga mutumin nan. Na san in ya miƙe tsaye idonsa yakan juya. Na ji da kunnena likita tana cewa a kula da zuciyarsa. Jirgi biyu, zaman jira a ƙasar wasu, sannan doguwar tafiyar mota zuwa inda babu asibitin kirki. Raina ya ba ni in Malam ya hau jirgin nan, ba zan ƙara ganinsa ba. Zainab ta buɗe baki da Turancinta, Yaya Alhaji ya ce, “In manya suna magana, a koya wa yarinyar nan yin shiru.” Malam kuwa kansa a ƙasa. Ya ce, “Yadda ka ce, Yaya.”

Aka sa tafiya ranar Asabar ta sama. Na shiga haɗa kaya ina ninke riga hawaye yana ɗiga a kai. Abinci ya daina shiga masa sai kunun gyaɗa, ni kuma na dage da dama shi, tunda shi kaɗai yake karɓa.

Ranar Talatar satin tafiya Alhaji Hamidu ya zo sallama. Na kai musu shayi na koma kicin. Gidajen nan kun san bangonsu, kwali ne. Ban kasa kunne ba, amma kunnena bai taɓa neman izinina ba. Na ji Alhaji Hamidu ya rage murya yana cewa:

“Malam, walle ka hwaɗa musu. Mussar Yusuhu ta hi mu wayo, ni da kai duka.”

Malam ya ce, “Hamidu, na roƙe ka ka bar maganar nan.”

Mussa a bakin mutanen Nijar kyanwa ce. Me ya haɗa kyanwa da ciwon mijina? Da ya fito na ɗauki mayafi na ce zan taka masa. Lifta ta lalace kamar kullum, muka bi matakala. A hawa na biyu na sha gabansa.

“Alhaji, wace kyanwa?”

Ya fara gyara hula. “Hajiya, wasa ne tsakanina da abokina.”

Na ce, “Ranar Asabar za a ɗora abokin naka a jirgi. In ya mutu a sama, da wannan wasan za ka zo min gaisuwa?”

Ya zauna a kan matakala, ya ba ni labari.

Ashe ana gobe za su taso, ɗalibai suka shirya musu walimar bankwana a bakin ruwa. Brada Yusufu ya kamo wani ƙaton kifi mai tsawo da haƙora, barakuda suke ce masa. To mutanen garin suna da al'ada. Irin wannan kifin in ya girma, musamman in daga wani gefen tsibirin aka kamo shi, ba sa ci sai sun gwada. Wasu su ajiye su ga ko ƙuda zai sauka, wasu su dafa da kuɗin azurfa su ga ko zai yi baƙi, wasu su yanka su jefa wa kyanwa. Brada Yusufu ya jefa wa tasa. Ta sansana ta yi tafiyarta. Ya ce shi ke nan, a haƙa rami a binne.

Malam kuwa ya yi watanni yana yaƙi da camfi a garin. Ya ga za a binne abincin da zai ciyar da gida uku saboda kyanwa ta juya baya. Ya miƙe ya yi musu wa'azi mai zafi, ya ce abin da ke cikin teku halal ne, almubazzaranci haramun ne, musulmi ba ya karɓar fatawa daga kyanwa. Ya ce a gasa, shi zai fara ci. Suka ba shi haƙuri, ya ƙi. Kunyar malaminsu ta sa suka gasa. Shi kuma don ya nuna musu, kan kifin ya ɗauka, da ƙwan cikin. Ba wanda ya taya shi. Kafin magariba yana amai a bayan masallaci, ɗalibansa suna riƙe da shi.

Na ce, “Kai fa, Alhaji?”

Ya ce, “Ni? Mu mutanen Tawa abin da ba a yanka ba, ba nama ba ne. Biredi na ci.” Sannan ya ce Malam ya sa shi alkawarin kada ya gaya wa kowa. Su duka biyun kuma sun ɗauka abin ya fita da aman. Wa zai ce kifin da aka ci a wata ƙasa yana nan yana ƙona mutum a Bronx?

Da Zainab ta dawo aiki na gaya mata. Ta karɓi lambar Brada Yusufu wajen Alhaji Hamidu ta kira. Nan take bawan Allah ya ɗauka. Ya ce ya yi ta kira ba a ɗauka. Matarsa ta karɓe wayar tana magana da sauri, Zainab tana juya min. Ta tambaya ko ruwan sanyi yana ƙona shi. Ta tambaya ko yana cewa haƙoransa za su zube. Sannan ta ce, me kuke ba shi? Zainab ta lissafa. Sai na ji matar ta yi salati irin na sabon shiga, da ƙarfi, har sau biyu.

Washegari muka tafi asibitin unguwa ba tare da an ba mu rana ba, muka zauna har aka gaji da ganinmu. Malam bai san na sani ba, ya ɗauka takardar tafiya za a ba shi. Zainab ta faɗa wa likitan komai a gabansa. Malam ya kalle ni, na kalli ƙasa. Likitan, wani dattijo mai furfura, ya ajiye biro ya ce, “Sigwatera.” Kalmar nan ta zauna min a kai har yau. Ya ce dafi ne da yake taruwa a jikin manyan kifayen wuraren nan. Ba a jin warinsa, ba a jin ɗanɗanonsa, wuta ba ta kashe shi. Ba shi da wata allura da za a yi ya fita yau, jiki ne yake fitar da shi a hankali. Amma mutane da yawa in suka ci kifi kowane iri, ko gyaɗa, ko abin da yake hana barci irin su kofi, sai ciwon ya taso sabo. Zainab ta nuna masa hoton goro a waya, ya ce shi ma a ajiye. Game da jirgi kuwa ya ce shi bai ba da shawara ba, sai jinin Malam ya daina faɗuwa in ya miƙe.

Muka miƙe za mu fita, Malam ya tsaya a bakin ƙofa. Ya juyo ya tambayi likitan, wai gwajin kyanwa da ƙuda da azurfa gaskiya ne? Likitan ya ce a'a, ba abin dogaro ba ne, kyanwa takan ci ta mutu, takan kuma ƙi mai kyau. Amma gudun babban kifin wannan gefen, wannan sani ne, mutanen sun daɗe da ruwansu. Malam ya ce min a mota, “Kin ji dai. Kyanwar camfi ce.” Na ce, “Na ji, Malam. Kifin fa?”

Saura Yaya Alhaji. Na san in ni na faɗa, zai ce mace ce take neman hana tafiya, ta haɗa baki da likitan Turawa. In kuma na kawo labarin walimar nan a gaban mutane, na tona wa mijina asiri, mutumin da ake tashi a ba shi wuri a masallaci. Na same shi a ɗaki na ce, “Malam, bakinka kaɗai Yaya zai ji. Ka gaya masa.” Ya juya fuska bango. Ya ce, “In ce masa me? Na je koya wa mutane addini na dawo kifi ya kayar da ni?” Na ce, “Gara a yi maka dariya kana raye.” Bai juyo ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Yaya Alhaji ya zo da limami da dattawa biyu, a yi addu'ar tafiya. Akwatin Malam yana bakin ƙofa. Alhaji Hamidu ma ya zo, ya maƙale a lungu yana jan carbi kamar wanda ake bi. Na kawo ruwa, na durƙusa, ban tashi ba.

Na ce, “Yaya, ina neman alfarma. A ɗaga tafiyar nan. Mun ga likita, ya gano ciwon.”

Ya ce, “Sun gano sau nawa? Talatu, tashi ki ba mu wuri.”

“Yaya, wallahi in ya hau jirgin nan...”

“Ke kika fi ni sonsa? Tun kafin a haife ki nake goya shi. Na ce tashi!”

Ban tashi ba, ban kuma ƙara magana ba, don abin da ya rage in faɗa ba nawa ba ne. Na kalli Malam. Yana zaune cikin bargo, yana murza tafin hannunsa a gwiwa. Limami ya gyara murya zai fara addu'a don a kashe maganar.

Sai Malam ya ce, “Liman, dakata. Yaya, ba wanda ya jefe ni. Mutanen nan hana ni suka yi, har da roƙo. Ni na jefi kaina.”

Ya ba da labarin tun daga kamun kifin har aman bayan masallaci, bai rage komai ba, har maganar fatawar kyanwa. Wani dattijo ya toshe baki da hannun riga, kafaɗarsa tana rawa. Yaya Alhaji ya juya kan Alhaji Hamidu.

“Kai kana wurin?”

“Ina wurin, Alhaji.”

“Ka bar shi ya ci?”

“Alhaji, ƙaninka ne. Kai ka taɓa hana shi abin da ya sa kai?”

Yaya Alhaji ya miƙe ya saɓa babbar rigarsa. Ya ce, “Na ba ku sati biyu. In bai tashi ba, ko a kan katifa sai na kai shi.” Ya fita bai yi min sallama ba.

Sati biyun nan ban san barci mai daɗi ba. Na kwashe kifi da gyaɗa da man gyaɗa da ƙuli na kai wa Hajiya Memuna. Da ta ji dalili ta ɗora hannu a ka. “Ei! Ni da farfesuna na so in kashe Malam!” Na ce mu biyu ne, har da matar liman. Na koma kunun gero da tuwon masara miyar kuka, ruwan alwala kuma in sirka shi ya zama ba zafi ba sanyi. Rashin goro ya fi komai tayar masa da hankali, har faɗa muka yi. Duk wanda ya shigo dubiya sai na tare shi a ƙofa na leƙa ledarsa, wasu suka ji haushi, su yafe ni.

Kwanakin farko ban ga wani canji ba, har na fara cewa ko Yaya ne da gaskiya. Sai susar ta ragu. Sai ya je banɗaki shi kaɗai ina bin sa a baya da hannu a buɗe. Kafin wa'adin ya cika ya sauka ƙasa ya zaga layinmu da sanda. Sauƙin bai zo gaba ɗaya ba, har yanzu in sanyi ya yi yawa yatsunsa suna yi masa zugi, kifi kuma likita ya ce a ba shi watanni. Ya kira Brada Yusufu da kansa, suka daɗe, na ji yana ce masa ya tara ɗalibai ranar Juma'a akwai gyaran da zai yi a wa'azinsa na ƙarshe.

Ku da mazanku za su tafi, ku ja musu kunne. In mutanen gari suka ce ba a cin abu, a tambayi dalili kafin a hau mumbari. In kuma likita ya ce me ka ci, ba halal da haram yake tambaya ba.

Yaya Alhaji bai zo ba ranar da wa'adin ya cika, bai kuma kira ba. In na gaishe shi a waya ta wajen matarsa, sai a ce ya fita. Abin ya dame ni, don ban taɓa saɓa masa ba. Sai wata Lahadi da yamma aka ƙwanƙwasa. Na buɗe na gan shi tsaye yana haki, ya hawo bene da ƙafa, da ƙunshin takarda mai maiƙo a hannu. Na durƙusa na gaishe shi. Bai shigo ba. Ya miƙo min ƙunshin.

“Talatu, duba min. Wannan yana ci?”

Na buɗe. Tsire ne mai zafi, an barbaɗe shi da ƙuli har ba a ganin naman.

Na ce, “Yaya, akwai ƙuli. Gyaɗa ce.”

Ya kalli tsiren, ya leƙa ya kalli ƙaninsa da yake zaune a falo yana haɗiyar yawu. Ya yi tsaki.

“To kai ka ci gaba da kallo.” Ya nuna ƙunshin da ke hannuna. “Ke zauna ki ci. Kin rame.”